Ɗorawar da Ta Biyo Lydia Kubwa

Duk wanda ya taɓa sayen daddawa a tsohuwar kasuwar Kubwa ya san Mama Lydia Yamusa, ko da bai riƙe sunanta ba. Gajeruwar tsohuwa ce mai kaifin harshe, kafaɗarta ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, domin a nan take ɗora ƙwaryar kayanta tun tana yarinya, kamar yadda matan Gbagyi suka gada. In wata ta tausaya mata ta ce, "Mama, ɗora a ka mana, ya fi sauƙi," sai ta watsa mata harara ta ce, "Kan nan ya riga ya ɗauki tunani. In ƙara masa doya kuma?"

Ba a Kubwa aka haife ta ba. An haife ta a ƙauyen Maitama, can inda yanzu manya ke kwana cikin sanyin inji, tun lokacin da wurin gonakin doya ne da dawa, akuya na kiwo inda yau ake ajiye motoci. Tana da ɗan fari a bayanta aka zo aka ce babban birni na buƙatar wurin, kowa ya tattara. Aka kwaso su a manyan motoci aka sauke a Kubwa. Ranar tashin, uwarta ta je gindin ɗorawarsu ta gado, ta tsinto kalwa cikin tafin hannu, ta ƙulle mata a bakin zane. Uwar ba ta daɗe a sabon wurin ba ta rasu.

Kubwar da suka tarar ƙauye ce a gefen hanyar Zuba, duwatsun Dutse da Bwari na leƙenta daga nesa, kogin Usuma ya ratsa ta gefenta yana tafiyarsa ba mai damunsa. Aka yanka wa mijinta Yamusa 'yar gona. A kusurwar gonar Lydia ta shuka kalwar nan. Akuya ta cinye wasu, gobarar daji ta lashe wasu, ɗaya ta ƙi mutuwa. Ta kewaye ta da ƙaya, da rani ta riƙa ɗebo mata ruwa daga kogi a kafaɗa, mutane na mata dariya wai tana shayar da itace kamar jariri.

Ɗorawa na girma, gari na girma, sai dai garin ya fi ta sauri. Birni ya yi wa ƙananan ma'aikata tsada, sai suka kwararo Kubwa: Ibo da shagunansu, Yarabawa da garejinsu, Tibi, Idoma, mutanen Filato, Hausawa masu nama da masu kayan gwari. Da asuba garin ya zube kan babbar hanya ya nufi ofisoshi da kasuwar Wuse, da yamma ya dawo a gajiye yana zagin cunkoso. Har jirgin ƙasa ya samu tasha. Gonaki suka koma filaye, filaye suka koma gidaje. Yamusa ya rasu, kuma ba a jima ba aka wayi gari an kafa duwatsun awo a gonarsa. Lydia ta je inda za ta je, ta faɗi abin da za ta faɗa, aka ce mata ƙasa ta gwamnati ce. Ta haɗiye, don ba wannan ne karon farko ba.

Amma ɗorawa fa? A nan ne ba ta ga abin gardama ba. A al'adarsu gona daban, itace daban. Gona na iya canza hannu sau nawa, amma ɗorawa ko kaɗanya ta wanda ya shuka ce, ko ya gada, kuma kowane ɗan ƙauye ya san haka tun kafin ya iya ɗaure wando. Ko a mafarki Lydia ba ta zaci akwai mai hankalin da bai san wannan ba.

Wanda filin ya faɗa hannunsa shi ne Oga Simon, ma'aikacin gwamnati daga Binuwai. A faɗi gaskiya, ba mugun mutum ba ne. Ya sha zaman haya a Nyanya har ya gaji, kuma coci ɗaya suke zuwa da Lydia. Ya ja katanga, ɗorawa ta faɗa ciki. Da 'ya'yanta suka nuna gab da damina, sai ga Lydia a bakin get da doguwar gorarta mai ƙugiya da ƙwarya a kafaɗa. Bello mai gadi ya tare ta.

"Mama, ina zuwa?"

"Wurin itacena."

"Oga bai ce ba."

"Ai ni ma ban ce ya gina gida a gindinsa ba, amma ga shi ya gina. Matsa."

Bello ya matsa. Matar gidan, Angelina, ta fito tana dariya, ta kawo mata kujera da ruwan sanyi. Ita ma da daddawa ta tashi a garinsu, kuma ta san bambancin ta gaske da ta algus. Tun daga ranar suka ƙulla. Kowace shekara Lydia ta shigo ta kaɗe ɗorawarta, ta dafa kalwa wuni guda, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe da ganye har ta yi warin nan da ke korar baƙo ya kira ɗan gida. Ƙullin farko kuwa na Angelina ne, kyauta. "'Yata," Lydia kan ce mata, "ki sa kaɗan, wannan ba ta wasa ba ce."

Matsalar jemagu ne suka jawo ta. In ɗorawa ta yi furenta ja, jemagu na zuwa sha, kuma ba sa tafiya sai sun bar shaida. Oga Simon ya sayi mota sabuwa fara. Ƙari a kan haka, saiwa ta fara tsaga katanga. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ya ja Lydia gefe cikin ladabi.

"Mama, itacen nan zan cire shi. Ina so in yi rumfar mota. Kar ki damu, kowace shekara zan sayo miki kalwa buhu guda daga kasuwa."

"Kalwar kasuwa ta san uwata?"

"Mama, gidana ne fa. Ina da takarda."

"Takardarka ta ƙasa ce, ɗana. Buɗe ka duba, in ka ga inda aka rubuta kai ka ɗebo mata ruwa, ka sare."

Ya yi dariya, ya ɗauka rigimar tsufa ce. Ita kuma ta tafi da tabbacin ta gama magana, domin a saninta ba a sare ɗorawar wani, kamar yadda ba a yanka akuyar wani. Kowannensu ya koma gida yana ganin ɗayan ya fahimta.

Ran kasuwa aka yi aikin. Lydia na zaune gaban tirenta wata maƙwabciya ta zo da gudu ta faɗa mata. Kafin ta isa, injin yankan itace ya riga ya gama aikinsa. Sama ta buɗe fayau a inda ta saba ganin inuwa, ga gangar jikin a kwance an yanka ta gunduwa-gunduwa. Angelina na tsaye a bakin ƙofar kicin, ta kasa ɗago ido. Ta san ranar, kuma ba ta aika wa Lydia ba.

Lydia ta ji abin har cikin ƙashinta. Ranar da aka tashe su daga Maitama ba ta yi kuka ba, ranar da aka kafa duwatsu a gonar mijinta ma haka, amma ran nan hawaye suka zubo mata, kuma ba ta share ba. Ta dafa kututturen, ɗanye, yana tsattsafo ruwa. Can ta ga masu injin sun fara jan gungumen zuwa motar mai gidan burodi da ya zo saye.

"Ku ajiye," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "A tsaye nawa ne, a kwance ma nawa ne."

Oga Simon ya dube ta, ya ja gefe. Lydia ta aika aka kira matan unguwarsu. Suka zo, tsofaffi da masu goyo, kowacce ta sunkuya ta ɗora gungume ko reshe a kafaɗa. Suka fito ta get a jere, suka bi tsakiyar titi ba gefe ba. Masu keke mai ƙafa uku suka yi ta hon, wani direban tasi ya leƙo yana masifa, Lydia na gaba da nata gungumen, ta yi kunnen uwar shegu da su har gida. Ko tsinke ba su bar wa gidan ba.

Gindin, wanda ya fi kauri, ta kai wa masassaƙi ya fafe mata turmi. Yanzu kalwa takan sayo ta daga ƙauyukan Bwari, tana mita kan tsadarta da rashin ƙamshinta. Sai dai ta sauya wurin aiki. Akwai wani ɗan fili da ba na kowa ba daura da get ɗin Oga Simon, a nan ta kafa murhunta da turminta. A nan take dafawa, a nan take surfe, iska kuma ba ta san katanga ba. Oga Simon ya aika Bello ya roƙe ta ta matsa gaba. Ta ce a gaya masa ɗorawa ce ta dawo ganin gida.

Da aka kwana biyu, miyar gidan ta gaza. Wata safiya Angelina ta tsallako titi a hankali, ta durƙusa gefen turmin, ta gaishe ta.

"Mama, ki yi haƙuri. Ko ta sayarwa ce ki ba ni kaɗan."

Lydia ba ta dakatar da taɓarya ba. Ta dubi ƙullin daddawa da ke cike da tire, ta dubi farar motar da ke hutawa a inuwar kwano.

"Madam," ta ce, "ki koma ki tambayi rumfar mota. In ta yi 'ya'ya bana, ƙullin farko naki ne."