Kwanon da Ya Dawo Wayam

Ku matso kusa, jikokina, ku ara mini kunnuwanku.

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta, ni da maƙwabciyata a unguwar Damilu tukunya ɗaya muke ɗorawa. Kirista ce, ta girme ni, Adda nake ce mata. Baƙinta sun kwana a ɗakina, nawa a zaurenta, ba wanda ya tambayi wani addininsa. Muna da kwano mai murfi da muke miƙa wa juna ta saman katanga. A wajenmu ba a mayar da kwano wayam, ko gyaɗa ce sai ka zuba. Ran da hatsinta ya ƙare, yakuwa ta saka mini, tana cewa, "Ƙanwata, ga miya, tuwon sai Allah ya kawo."

Da hankali ya kwanta, siyasa ta shigo. Ɗana ya bi wata jam'iyya, nata ya bi wata, suka zagi iyayen juna a rumfar zaɓe. Da Sallah na miƙa mata nama. Kwanon ya dawo a wanke, babu komai ciki. Na daɗe ina kallonsa. Ko lokacin bindiga bai taɓa dawowa haka ba.

Baƙin sun koma garuruwansu, har yau suna aiko da gaisuwa gare mu duka. Ɗana ya sauya jam'iyya. Nata ya ƙara wa katangar tsawo. Adda ta koma Vinikilang, can tsallaken kogi, wajen 'yarta. Ni kuwa na cika kwanon da gyaɗa, ina jiran mai tsallaka gada ya kai mata.