Mai Tafireta na Ƙofar Kotu

Shekara talatin da ɗaya maƙwabcina ya yi yana zama a ƙofar babbar kotu, hagu da mai shiga, a inuwar katanga. Kayan aikinsa ba su da yawa: tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya wadda yake tokarewa da guntun katako, bencin masu jira, da wata baƙar tafireta da ya saya tun yana saurayi. Duk wanda yake da ƙorafi, amma ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya, wurinsa yake zuwa. Yakan saurari mutum har ya gama, ya yi masa tambaya uku ko huɗu, sa'an nan ya buga masa takardar koke ko ta rantsuwa wadda magatakardan kotu ba zai mayar da ita ba. Da na'urorin zamani suka cika gari, abokan sana'arsa suka watse ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya tsaya, domin masu zuwa wurinsa ba bugun kaɗai suke nema ba, har da wanda zai saurare su. Mai Tafireta kowa yake ce masa, har mai ɗakinsa idan tana son tsokanarsa.

'Ya'yansa huɗu ne, kuma autar ce ta yi nisa a karatu. Ta bi ta ajina tana ƙarama, yarinya ce mai yawan tambaya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata. Idan an tashi daga makaranta, ƙofar kotu take nufa, ta zauna a ƙarshen benci tana miƙa masa takarda, tana kallon masu baƙar riga suna shiga suna fita. Babu wanda ya yi mamaki da ta zaɓi karatun shari'a.

Tana jami'a ta soma ɗaukarsa bidiyo da wayarta. Takan tsaya a gefen tebur ta ce, "Baba, idan mai gida ya kori ɗan haya ba tare da sanarwa ba, ina zai dosa?" Shi kuma ya amsa yana bugu, ba ya ko ɗaga kai, cikin maganar da mai talla ma zai fahimta. Ta riƙa ɗora waɗannan a shafinta na sada zumunta, har mabiyanta suka kai dubbai. Yakan ce shi bai ga amfanin abin ba, amma duk yamma sai ya sa ta karanta masa abin da mutane suka rubuta a ƙasa.

Aka rantsar da ita lauya, ta zauna wata goma sha ɗaya babu aiki. A wannan zaman ne ta koyi neman aiki ta waya. Ta buɗe shafi na musamman ta jera karatunta, ta riƙa bin shafukan ofisoshin lauyoyi, tana aika wa manya gaisuwa da neman shawara, mafi yawansu ba su amsa. Ta kuma shiga wani zauren hira ta waya na sababbin lauyoyi inda ake sanar da juna guraben aiki. A nan ta ga sanarwar wani babban ofishi mai neman ƙananan lauyoyi biyu. Ta aika takardunta, aka kira ta intabiyu nan da kwana goma.

Ina gidansu ranar da ta karanta mana shawarar da wata ta rubuta a zauren: wai kafin a gana da kai, sai an bi shafukanka kaf, saboda haka ka cire duk abin da zai jawo tambaya.

"Ni dai ba ni da abin ɓoyewa," in ji ta, tana dariya. "Shafina duk Baba ne."

Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Ofishin wa ne?"

Ta faɗi sunan mai ofishin. Mai Tafireta ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

Ashe sun san juna, idan har za a kira wannan sani. Shekara ashirin da suka wuce, wata gwauruwa ta kayar da wani attajiri a shari'ar fili, da takardar da aka buga mata a ƙofar kotu. Lauyan attajirin shi ne mai wannan ofishi, wanda yanzu kowa ke kira Babban Lauya. Ya fito daga kotu a fusace, ya tsaya gaban teburin, ya ce a gaban jama'a sai ya ga bayan duk masu aikin lauya ba da lasisi ba. Sau biyu yana rubuta wa hukuma a kore su daga ƙofar.

"Ki goge ni," in ji Mai Tafireta.

"Baba, in goge me?"

"Duka. Bidiyon, hotunan, har wanda na sa hularki ta lauya a kaina. Mutumin nan idan ya buɗe shafinki ya gan ni ina koya wa mutane shari'a, ko ruwa ba zai ba ki ba."

"To ai zai ga sunanka a takarduna."

"Sunana?" Sai a lokacin ya yi murmushi. "Uwata, shekara talatin yana wuce ni safe da yamma, bai taɓa tambayar sunana ba. Wannan kaɗai ya ishe mu."

Ta yi gardama, ta yi kuka, ta ce akwai wasu ofisoshin. Ya ce wata goma sha ɗaya ke nan ana jiran wasu ofisoshin. Ta roƙa ya bari ta adana bidiyon a wayarta, ya ƙi, ya ce waya takan faɗa hannun abokin aiki. Ya zauna kusa da ita yana kallo, tana gogewa ɗaya bayan ɗaya, har shafin ya koma hotonta ita kaɗai cikin baƙar riga.

Sauran kwanakin, shi ya shirya ta. Tana tattaro tambayoyin intabiyu daga zaurensu, shi kuma yana da abin da babu a zauren, domin ya san Babban Lauya kamar yadda mai gadi yake sanin maigida. Kullum da la'asar yakan jawo teburin tsakar gida, ya zauna a baya, ya ɗora tabarau a ƙarshen hanci, ni kuma ya zaunar da ni a dama a matsayin mataimaki. Ita sai ta fita waje, ta ƙwanƙwasa ƙofar gidansu, ta jira izini.

"Shigo. Wa ya ce ki zauna? Koma ki sake."

Daga kicin mai ɗakinsa ta ce, "Ji shi, wanda ko kujerar kotu bai taɓa ɗanawa ba."

"A fitar da matar nan daga kotu," in ji shi, yana kwaikwayon tarin Babban Lauya, har ni ma na kasa riƙe dariya.

Ya koya mata cewa mutumin yakan yi shiru bayan amsa don ya ga ko za a rikice, kada ta cike masa shirun. Ya koya mata cewa ya tsani a ce masa "ina ganin", yana son a ce masa "doka ta ce". A rana ta ƙarshe ya cire tabarau ya tambaye ta, "Me mahaifinki yake yi?"

Ta dube shi.

"Ki ce tsoho ne, yana gida."

"Ƙarya ce, Baba."

"Rabinta gaskiya ce. Ki faɗa in ji."

Ta faɗa. Ya sa ta maimaita har maganar ta zauna mata a baki.

A intabiyun babu wanda ya yi mata wannan tambaya. Sun dai gaya mata sun duba shafinta, sun same shi tsaf, ba irin na yaran yanzu ba. Ta sami aikin.

Abin da babu wanda ya yi tunaninsa a cikinmu, ko kuwa Mai Tafireta ya yi ya ƙi faɗa, shi ne cewa ƙaramin lauya shi ke bin babba zuwa kotu, kuma ƙofar kotu ɗaya ce. Tun makon farko ta soma wucewa ta gaban teburinsa, rungume da fayiloli, taku biyu bayan Babban Lauya. Da mahaifin ya hango motarsu sai ya sunkuyar da kai ga tafireta, ko da babu takarda a ciki. Masu sayar da abinci da masu gadi duk sun san ta tun tana yarinya, amma ya riga ya bi su ɗaya ɗaya ya roƙe su, suka kame bakinsu. Da yamma a gida takan durƙusa ta gaishe shi gaisuwa mai tsawo, kamar mai rama ta safe.

Haka aka yi wata huɗu. Ranar da abin ya ƙare, ana gyaran titin gaban kotu, aka rasa wurin ajiye mota. Babban Lauya ya leƙo ta taga ya ce mata, "Je ki gaya wa tsohon can ya janye tarkacensa."

Ta sauka, ta je ta tsaya a gaban teburin. Mai Tafireta ya dubi motar, ya dube ta, ya gane. Ya miƙe tsaye, ya ɗan rusuna, ya ce da ƙarfi yadda za a ji daga mota, "Ranki ya daɗe, yanzu zan janye." Ya ɗauke tafireta ya ajiye a ƙasa, ya ja teburin shi kaɗai. Ta miƙa hannu za ta kama ɗaya gefen, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kada ki taɓa."

Da yamma ta iske shi a tsakar gida, ko takalmi ba ta cire ba.

"Gobe zan gaya masa, Baba. In ya kore ni, ya kore ni."

"Ki gaya masa me? Cewa kin ɓoye masa wata huɗu? Lauyan da ya ɓoye abu ɗaya, wa zai ba shi amanar fayil?"

"Ai kai ka sa ni."

"Ni na sa ki, kuma ni zan gyara."

Washegari bai fita ba. Ya aika aka ba mai gadin kotu teburin da bencin, aka dawo masa da tafireta gida. Wanda duk ya tambaya, sai ya ce idanu ne suka gaji. Mutane suka riƙa biyo shi gida da koke-kokensu, yana mayar da su daga bakin ƙofa, domin kada a saba ganin masu ƙara a gidan da lauyar take kwana. Mutumin da ya saba jin damuwar mutum ashirin a yini ya koma zama a kan kujera yana jiran ƙarfe shida. Idan ta dawo, sai ya tsare ta da tambaya: wane alƙali ya zauna, me aka ce, me ta ce. Ita kuma aikin ofis ya hana ta faɗin sirrin shari'a, sai ta ba shi abin da ya halatta, wanda bai taka kara ya karya ba. Daga baya ya daina tambaya.

Bai cika shekara a gida ba ciwo ya kwantar da shi. Likita ya ce zuciya ce. Na je duba shi wata safiya bayan ta tafi aiki, ya nuna mini tafiretar a kan akwati.

"Malam, ka ɗauke ta ka kai gidanka."

"Me ya yi zafi? Za ka tashi ka ci gaba da bugunka."

"Kai ma ka san ba haka ba ne. Idan abin ya faru, mutanen ofishinsu za su zo gaisuwa, a ɗakin nan za a zaunar da su. Babban Lauya bai san fuskata sosai ba, amma ya san wannan."

Na ɗauka. Ta fi yadda nake zato nauyi.

Ya rasu bayan kwana tara. A rana ta uku da rasuwar mutanen ofishin suka zo cikin mota biyu, har da Babban Lauya. Aka zaunar da su a ɗakin, ni ina daga bakin ƙofa. Ya yi addu'a, ya ce duk wanda ya ga natsuwar yarinyar nan ya san ta fito daga gidan mutunci. Na ga ta ɗago kai tana kallonsa, kuma na tabbata da ya tambaye ta ko wane ne mahaifinta, da ta faɗa masa duka, ko me zai biyo baya. Bai tambaya ba. Ya duba agogo, ya ce ta huta har ƙarshen mako, suka tashi.

Bayan tafiyarsu ta shigo gidana, ta ce mahaifiyarta ta gaya mata inda tafiretar take. Na buɗe mata ɗakin littattafaina. Ta zauna a ƙasa kusa da tafiretar.

"In sa a kai miki gida?" na tambaye ta.

"Sun ce wasu daga ofis za su sake zuwa jibi, Malam." Ta share fuska da gefen mayafinta. "A bar ta a nan tukuna."