Zamzam ɗin Kaka

Kakana ya dawo daga Makka da jarka guda ta zamzam tun kafin a haife ni, kuma bai daɗe ba ya rasu. Na tashi a Goronyo na iske jarkar a ƙarƙashin gadon kakata, naɗe cikin tsumma fari. Mai zazzaɓi a ba shi kurɓi, mai naƙuda a shafa mata. Idan ruwan ya sauka rabi, sai Kaka ta ɗebo na randa ta cika ta da bisimilla. Haka ake yi a gidaje da yawa, ba wanda ya ga abin magana.

Ina sakandare a Wurno malaminmu ya koya mana yadda wasu sinadarai masu fitar da haske mai cutarwa suke raguwa: bayan wani lokaci rabi ya tafi, bayan irin wannan lokacin rabin sauran ya tafi. Ya ja layi a allo, yana gangarowa yana kusantar ƙasa amma bai taɓa ta ba. Ya ce a lissafi abin ba ya kaiwa sifili, amma a zahiri ƙwayoyin ƙididdigaggu ne, wata rana ƙwaya ta ƙarshe za ta tafi. Ni ko jarkar Kaka kawai nake gani.

Da hutu na dinga tsokanarta, ina cewa ruwan gulbin Rima take ba mutane da sunan Makka. Ta kan bi ni da muciya.

"Miji na banza! Mi kas sani? Boko ya ɓata ma kai."

Shekaru suka tura, har na zama malamin lissafi a Rabah, ina jan wannan layin da hannuna. Sai aka aiko Kaka tana jin jiki. Na same ta ta rame, ta sa an jawo jarkar kusa da ita. Wannan karon ba wasa a muryarta.

"Mai gidana, so nike a yayyafa ruwan ga likkafanina. Kai ka da ilimin abin. Gaya min gaskiya, akwai sauran na kakanka ciki?"

Na san cikon da aka yi wa jarkar nan ya wuce ƙirga. Amsa biyu gare ni, duka na koyar da su, duka gaskiya ne. Na ji ina sonta fiye da yadda na taɓa faɗa mata.

"Kaka, lissafi ya ce ba ya ƙarewa."

Ta lumshe ido, ta ce, "To, ashe bokon na da amfani."

Ranar da aka yi mata sutura, gwaggona ta yayyafa rabin ruwan jarkar ta miƙa hannu wajen randa, don sabo. Na riƙe hannunta, na ce ta juye wa Kaka duka.