Darar da 'Yata ta Sa a Kwamfuta

'Yar farina ce, don haka ba na kiran sunanta, balle in yabe ta a gaban mutane. Haka muka taso a Ajingi. Sai dai duk Asabar ni ke goya ta a babur zuwa Gaya, inda wata malama ke koya wa yara kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni har ta yi abin da kake so.

Da damina ta kankama, mahaifina, wanda gonar gidanmu ke hannunsa, ya yanke magana.

"Gyaɗa na jiran noma, kai kana yawo da yarinya wajen danne-danne. Daga wannan Asabar an daina."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni mai saurin hawa ne. Amma wa ya isa ya ja da Baba? Na haɗiye. Ita ko hawaye ba ta yi ba, sai ta roƙi a bar ta ta je sau ɗaya ta yi sallama. Ta dawo da kwamfutar malamar a jaka, aro.

Baba gwanin dara ne, a gindin dalbejiyar ƙofar gida ba mai kada shi. Mata ba sa zama a wurin, ashe yarinyar nan duk kai musu ruwan da take yi, idonta na kan ramukan.

Bayan la'asar ta same shi a zaure, da wasan jika da kaka.

"Tsoho, na kawo maka wanda zai kada ka."

"Ke tafi can, amaryar da ko tuwo ba ta iya ba."

Ta buɗe, sai ga gidajen dara reras a fuskar kwamfutar, har da 'yan karare da duwatsu. Ita ta haɗa abinta. Baba ya gyara zama, yana nuna gida da yatsa tana tura masa. Ana cikin haka na'urar ta jera huɗu, ta cinye masa ɗa.

"Ɓarauniya!" in ji Baba. "A gidan uban wa ake jera huɗu a ci? Uku ne, uku kawai!"

Na ce a raina shi ke nan, Gaya ta ƙare.

"Ba laifinta ba ne, tsoho," in ji ta. "Ni ce ban gaya mata ba. Daga nesa na koya."

Ta buɗe wani shafi mai rubutu birjik, ta goge nan, ta ƙara can. Aka sake sabon wasa. Da aka zo irin wurin, na'urar ta ƙi jerawa. Baba ya dubi kwamfutar, ya dubi jikarsa.

"Au, dama ke kike ba ta hankalin?"

Ya lallasa na'urar dai, sau biyu ma. Ya ce wasanta irin na ɗan koyo ne, ba ta san tarko ba. Har aka kira magariba yana zana wa yarinyar dabaru a ƙasa, tana tambaya yana amsawa. Da zai tashi alwala ya juyo wajena, fuska a murtuke.

"Asabar ka kai ta, ta tambayi malamar yadda ake koya wa abin nan tarko. Gyaɗar ni zan duba."

Ranar kaina ya fi hulata girma. Na yi alfahari da ita irin wanda ban taɓa yi da komai nawa ba, kuma ban ce uffan ba.

Ran Asabar muna kan hanya, mun wuce gonakin gero, ta leƙo ta kafaɗata.

"Baba, kai ba ka ce komai ba."

Na duba gaba da baya, ba kowa sai shanu. Na rage gudu, na kira ta da sunanta, na ce Allah ya yi mata albarka.