Rulon Ya Ce Sai Disamba

Rulon Mikkelsen maƙwabcina ne tun muna yawo ba takalmi a bakin magudanar ruwan garinmu, a kwarin Sanpete, kuma har yau ban ga mai taurin kai irinsa ba. Talo-talo yake kiwo, kamar ubansa, yana kuma noman ciyawar dabbobi a gonar da ke jikin tawa. Abin da ya tsana a duniya shi ne gaggawa. Kowa zai yanke ciyawarsa don gudun ruwan sama, shi yana tsaye yana murza ganye a yatsa yana cewa da saura. Tuffar gidansa kuwa, in bai ce ta nuna ba, ko matarsa Nelda, lokacin tana raye, ba ta isa ta tsinka ba. Abin haushin, sau da yawa shi ke da gaskiya.

Na girme shi da 'yan watanni, don haka na riga shi zama dikin, ƙaramin mai hidima a cocinmu, bai kuma yafe mini ba har muka yi furfura. A zamaninmu sai yaro ya cika sha biyu cif kafin maza su kewaye shi su ɗora masa hannu a ka. Daga nan ne zai sa farar riga ran Lahadi, ya ɗauki faranti yana kai wa jama'a burodi da ruwan jibin Ubangiji. Rulon yakan ce a wannan zaman jiran ya koyi zama mutum, yana kan benci yana kallona ina wucewa da faranti ina hura hanci.

'Yarsa Sherrie ta dawo gida da goyo bayan mijinta ya tafi neman aiki wata jiha ya manta hanya. Yaron, Kolby, a hannun Rulon ya tashi. Shi ya koya masa tare ruwa da shebur, shi ya koya masa ɗaure lakataya a wuya. A wajenmu uba ne ke naɗa ɗansa, in babu uba sai kaka, saboda haka kowa ya san hannun da zai sauka a kan Kolby. A ƙarshen Disamba aka haife shi, Rulon kuwa ya daɗe yana maganar wannan Disambar kamar mai jiran girbi.

Sai ga sanarwa daga hedkwatar cocinmu a Salt Lake a ƙarshen 2018: daga yanzu duk yaron da zai cika sha biyu a cikin shekara, ana iya naɗa shi tun watan Janairu. Iyaye suka yi ta murna. Bishop ɗinmu, shugaban cocin garin, wani mai shagon taya wanda Rulon ya taɓa kora daga gonarsa kan satar kankana yana yaro, ya zo har ɗakin kiwo ya same mu.

"Ɗan'uwa Mikkelsen, albishirinka. Kolby ya shiga sahu."

"Shekarunsa nawa?" in ji Rulon, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ai zai cika sha biyu a shekarar."

"Ni ma zan mutu wata shekarar, sai a binne ni yau?"

"Haba, ba dole ba ne, amma duk sa'o'insa za a yi musu."

"A yi musu. Yaron da jiya-jiya ya cika sha ɗaya, hannun rigar ma ya fi hannunsa tsawo. Sai Disamba."

Na ce, "Kai dai Rulon, tunda ka sha jira dole kowa ya sha?"

Ya ce, "Dell, kai da aka yi maka da wuri, ga yadda ka ƙare."

Ba zan ce ba shi da hujja ba. Ni ma da na ga yaran nan a Janairu, wasu kansu bai wuce bayan benci ba, suna riƙe da faranti hannu bibbiyu kamar zai fashe, na yi tunanin ko an yi sauri. Amma na ga Kolby shi kaɗai tsakanin uwarsa da kakansa, abokinsa na miƙo masa burodi, shi kuma ya ƙi ɗaga ido. Ranar na ji haushin Rulon sosai. Yaron bai yi ƙorafi ba. Kakansa ya ce Disamba, shi ke nan.

Da zafi ya shigo sai Rulon ya fara ramewa. Wandonsa ya koma kamar na aro, ya bar abinci, har dankali da cukun da yake mutuwar so. Da ƙyar Sherrie ta ja shi asibiti. Ciwon daji ne, ya riga ya bazu, likita kuma bai ɓoye masa ba: da wuya ya ga dusar ƙanƙarar bana. Ni na tuƙo shi gida. Da muka hango rufin ɗakin kiwonsa sai ya ce, "Ka kira mini mai tayan nan."

Na ɗauka magana ta ƙare. Bishop ya gana da yaron, ya karanta sunansa a coci, muka ɗaga hannu muka amince. Saura naɗi kawai. Ina zaune a barandarsu da yamma Rulon ya kira jikan.

"Zo nan, sarkin ƙiwa. Lahadi mai zuwa za mu yi abin nan. Ka ce uwarka ta goge farar rigar."

Kolby ya tsaya yana kallonsa. Yaro ne mai shiru, amma ba wawa ba ne. Ya san kakansa bai taɓa janye magana ba, ya kuma san dalili ɗaya ne zai sa ya janye.

"Kaka, ai Disamba ka ce."

"Na sake shawara."

"Ni ban sake ba."

"Kai, ni nake maka magana!"

"Ban kai ba. Kai ka faɗa da bakinka. In ana so a yi mini, a jira ni, kai ma ka jira." Ya juya ya nufi wajen talo-talo.

Rulon ya bi shi da ido, ya ce, "Ka ga ɗan banzan nan? A ina ya samo wannan hali?"

Na ce, "Oho. Wataƙila a wajen maƙwabta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, daga nan ya rufe fuska da hula. Shekara saba'in da wani abu muna tare, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ko a jana'izar Nelda.

Sherrie ta yi lallashi, bishop ya yi, yaro ya kafe. Wata rana muna gyaran shinge ni da shi na ce, "Kolby, ka san ba ka isa ka riƙe shi ba, ko?"

Ya ce, "Bai taɓa barin aiki bai gama ba. In aka yi, me ya rage masa?"

Na ci gaba da gyaran shingen. Ni kaina na fara jin kamar dabarar na ci, domin Rulon ya wuce duk lokacin da likita ya yi tsammani. An yanke ciyawar ƙarshe yana nan, an kwashe talo-talo zuwa mayanka yana nan, yana kwance a gadon da aka sa masa a falo yana yi wa kowa faɗa. Amma ina ganin abin da jiran ke ci masa. Ciwo na cinsa, yana ƙin maganin da zai sa shi barci, wai kada ranar ta zo hankalinsa ba ya jikinsa.

Kolby ne ke ba shi abinci bayan makaranta. Ran wata Laraba cikin Nuwamba Rulon ya ce a ba shi cokalin, shi ba jariri ba ne. Ya kama, ya yi ta ƙoƙari, hannun ya ƙi tashi daga kan bargo. Sherrie ta ce yaron ya daɗe yana kallon hannun nan, sannan ya shige ɗaki.

Ina cikin gareji na ji an ƙwanƙwasa. Kolby ne, da farar riga, lakataya a ɗaure daidai.

"Kawu Dell, ka zo. Ka kira bishop."

Bishop ya zo da baƙin taya a farcensa. A al'ada yaro kan zauna a kujera, maza su tsaya a kansa, amma Rulon ba ya iya tashi, don haka Kolby ya durƙusa a gefen gadon ya sunkuyar da kai. Rulon ya yunƙura, hannuwan suka ƙi. Na matsa zan taimaka, yaron ya girgiza kai. Da kansa ya ɗauki hannun kakansa na dama ya ɗora a kansa, ya ɗauki na hagu ya ɗora, ya danne su da nasa don kada su zame. Mu muka ɗora namu a sama.

Muryar Rulon ta fito a hankali, amma bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya kira cikakken sunan yaron, ya naɗa shi dikin, ya sa masa albarka gajeriya. Muka ce amin, ni da bishop muka janye hannu.

Kolby bai motsa ba. Yana nan durƙushe, ya riƙe hannuwan gam a kansa.

"An gama, ɗan nan," in ji Rulon. "Sake ni."

"Tukuna," in ji Kolby.