Aiken Barmo da Kabarin Yayana Hamidu

Bana shekara arba'in da 'yan kai ke nan da rasuwar yayana, Malam Hamidu. Na ce rasuwa ne don kunyar jarida, amma kashe shi aka yi. Manomi ne a wani ƙauye tsakanin Maradun da Talata Mafara, yana noma fadamar da kakanmu ya bari, da yamma kuma ya karantar da magidanta a zaure.

Lokacin da aka fara aikin madatsar Bakolori, cikin Turawan da ke awon ƙasa akwai wani Bayahude da ma'aikata ke kira Dawuda. Hausarsa gurguwa ce, amma yana son hira, Hamidu kuwa ba ya barin mai ilimi ya wuce bai tatse shi ba. Ranar da aka tumɓuke gambar da ke iyakar gonarmu, Dawuda ya tsaya yana kallon wurin. Ya ce a Attaura an la'anci mai gusar da iyakar maƙwabci, kuma ƙasa ba a sayar da ita har abada, don ta Allah ce, mu baƙi ne a kanta. Hamidu ya ce, "Ashe ku ma kun san wanga! To mi ya kawo ka da igiyar awo?"

Dawuda ne kuma ya ba mu labarin wani sarkin Bani Isra'ila da ya yi kwaɗayin lambun talakansa. Talakan ya ce gadon iyayensa ne, ba zai sayar ba, sai aka shirya masa shaidar zur aka kashe shi. Wani annabinsu ya tare sarkin cikin lambun ya tambaye shi ko bayan kisa har da cin gado. Mun saurara muna jinjina kai, ba mu san namu ke tafe ba.

Namu ba sarki ba ne, Barmo ne, abokin wasanmu tun ƙuruciya, wanda ya zama ɗan rakiyar masu rabon filaye. Da manoma suka tare hanya suna neman haƙƙinsu, aka turo jami'an tsaro da bindigogi, Barmo ne ya nuna Hamidu da yatsa ya ce shi ke zuga mutane. A gabana aka harbe shi. Gawarsa ma ba a ba mu ba, an kwashe ta da ta sauran waɗanda aka kashe a mota, har yau ba mu san inda aka kai su ba. Da aka sake rabon gonakin ban-ruwa, fadamarmu ta faɗa hannun Barmo. Ya noma shinkafa, ya je Makka, ya dawo Alhaji.

Da Hamidu zai leƙo yau, da ya ga magudanan da aka kashe shi dominsu sun cushe da laka, ya ga mutanen Gidan Goga da Dosara suna barin gonakinsu saboda 'yan bindiga. Na san abin da zai ce, don ya sha maimaita wata maganar Dawuda: al'umma ba ta mutuwa don an raba ta da ƙasarta, sai ranar da ta daina ba 'ya'yanta labari. Yahudawa, in ji Dawuda, duk shekara sukan zaunar da yara su ba su labarin Fir'auna kamar jiya aka yi. Ni ma haka nake yi. Babu jikana da bai san sunan Barmo ba, kuma ban yi nadama ba.

To, a watan jiya sai ga ɗan Barmo a ƙofar gidana. Bayan doguwar gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, tsoho ya kwanta ciwo, jiki ya yi nauyi. Ya ce don Allah ku yafe mishi."

Na ce, "Gonar fa?"

Ya ce, "Ai an raba muna ita tun bara."

Ka ji fa! Ya ci, ya ƙoshi, ya raba wa 'ya'ya, yanzu kuma yana son Aljanna a kyauta. An ce ramin mugunta a gina shi gajere, shi nasa da zurfi ya gina. Limaminmu ya ce mini yafiya ta fi, kuma na san gaskiya ya faɗa. Wataƙila da Hamidu ne da ya yafe, don zuciyarsa ta fi tawa fari. Abin da ya rage mini nasa shi ne karatun da ya bari, kuma cikin karatun nan, namu da na Dawuda sun haɗu a wuri ɗaya: haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Su Yahudawa har sun ƙara da cewa in wanda ka zalunta ya mutu, sai ka tara mutum goma, ka je bakin kabarinsa, ka faɗi laifinka da bakinka.

Shi na faɗa wa yaron. Na ce jinin ba nawa ba ne, balle in yafe. Ya tara mutum goma, in ƙafa ta gaza a ɗauke shi a amalanke, ya je ya roƙi Hamidu.

Yaron ya ɗago ido ya ce, "Baba, ina kabarin yake?"

Na ce, "Tambayi ubanka. Mu ma shekara arba'in muna nema."