Hanyar da Iya Ta Hana a Shafa wa Launi

A gidanmu na Kazage ba a fara tatsuniya sai an raba takarda. Kakarmu Iya Tabawa ce ke yayyanka buhun siminti, ta ɗauki gawayi daga murhu ta zana wa kowa nasa: itatuwa, bukka, wani lokaci akuyar da ta fi kama da kare. Mu namu cikewa. Ina muka san wani fensirin kala? Gangamau ne rawayarmu, jar ƙasa ce jarmu, dandaƙaƙƙen ganyen wake shi ne kore, sai ɗan shunin wanki in Inna ta yi sake mun sato. Mu tauna bakin tsinke ya yi laushi, mu kewaye wutar bayan magariba, tana labari muna shafawa.

Doka ɗaya gare ta. In ta zana daji sai ta ja layi biyu a tsakiyar itatuwan, kuma ba a taɓa tsakaninsu. Ƙanena Sani, sarkin gaggawa, kullum sai korensa ya malala ciki. Nan take za ta ƙwace tsinken.

"Kai angon nan nawa, hannunka sai ka ce na mai yaɓen laka. Ka toshe hanya, na ciki ta ina zai fito?"

Daga nan sai ta gyara zama ta ce, "Ku matso, labarina ba ya zuwa nesa." Wai an yi wata yarinya, Ladiyo, gwanar zanen bango. Yayanta maɗebin zuma ne, kullum yana daji. Ta zana dajin a bangon ɗakinta, ta bar farar hanya a tsakiya, shi kuma kowace yamma sai ga shi da gorarsa. Rannan maƙwabta suka leƙo suka yaba, amma suka ce aikin bai ƙare ba, ga wuri nan ta bari fari. Kunya ta kama Ladiyo, ta cike shi da kore. Da yamma yayan ya zo inda ya saba fita, bai tarar da komai ba sai itatuwa. Ana jin kiransa daga bakin gari, ba a ganinsa. Ladiyo ta kankare bangon da farce har jini ya fito, amma launin ya riga ya shige cikin ƙasar.

Sai mu ce, "Iya, ya dawo?"

"Ni dai ban gan shi ba. Na sauke, wanda ya ji ya ɗauka."

Iya ta rasu tun kafin dajin ya zama abin da ya zama. Mun baro Kazage mun tare a cikin Birnin Gwari, amma Sani ya ƙi rabuwa da gonarsa. A can 'yan bindiga suka ɗauke shi da kaka, yana karyar masara. 'Yarsa Jidda, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba, ta dawo hannuna.

A makarantarsu ana ba su bugaggun zane su shafa launi. Ranar da ta zo da mai itatuwa na ba ta labarin Ladiyo, don na rasa abin da zan ce mata game da ubanta. Tun daga nan duk takardar da aka ba ta sai ta bar farin layi a tsakiya, ko da zanen kifi ne. Malamarsu ta aiko wai Jidda ba ta gama aiki. Ban ce wa Jidda ta daina ba.

Bayan an yi duk abin da za a iya, wani da ya kuɓuto ya zo har gida. Ya ce zazzaɓi ne ya kashe Sani a can cikin daji, da hannunsa ya binne shi.

Ina yarinya na ɗauka Iya tsabtar hannu take koya mana. Sai da na girma na gane zaman jira take koya mana, ita da ta san daji yana cin mutane tun kafin bindiga. Abin da ba ta taɓa faɗa ba shi ne yadda ake yi da hanyar in wanda ake jira ba zai zo ba.

Da masu gaisuwa suka watse, Jidda ta zo da takardarta da koren fensir, ta tsuguna a gabana.

"Gwaggo, yanzu in cike?"

Na kalli farin layin. Ta katanga ina jiyo maƙwabciyarmu tana daka, ita ma ɗanta yana can hannun 'yan bindiga.

Na ce, "Bar ta, Jidda. Akwai sauran mutane a ciki."